Littafin Kerrisk da na Stevens: me za su ba ka wanda shafin man ba zai ba ka ba?

Ka rubuta ɗan guntun shiri da harshen C, layi biyu kacal. Na farko printf ne, ya buga kalmar "Sannu" ya sauka sabon layi. Na biyu fork ne, wanda ke tsaga shirin gida biyu, uwa da ɗa, kowanne ya ci gaba da gudu har ya fita. Idan ka kunna shi a baƙin allon umarni, "Sannu" ɗaya za ka gani. To, yanzu ka ce masa ya zuba abin da zai buga cikin fayil maimakon allo, sannan ka buɗe fayil ɗin. "Sannu" biyu za ka tarar, alhali ko harafi ɗaya ba ka canja ba.

Ba aikin aljanu ba ne. printf ba ya miƙa rubutu nan take, tara shi yake yi a wata 'yar ma'ajiyar jira cikin ƙwaƙwalwar shirin. Idan allo ake bugawa, da zarar layi ya ƙare sai a zazzage ma'ajiyar. Idan fayil ne, sai ta cika ko kuma shirin ya zo fita. Shi kuwa fork, kwafin ƙwaƙwalwar uwa gaba ɗaya yake ba ɗa, har da "Sannu" ɗin da ke kwance tana jira. Da lokacin fita ya yi, kowannensu ya zazzage tasa.

Kowane ɓangare na wannan amsa yana rubuce a takardun Linux, amma a warwatse. Dokar ma'ajiyar tana shafin setbuf, batun kwafin ƙwaƙwalwa yana shafin fork, zazzagewar ƙarshe tana shafin exit. Babu wanda zai ce maka haɗa su za ka yi. A babi na 25 na littafin Michael Kerrisk kuwa, an haɗa su wuri ɗaya, da misali da magani. A kan wannan bambanci nake son mu auna irin waɗannan littattafai.

Ga wanda ba ɗan fannin ba: duk manhajar da ke wayarka ko kwamfutarka ba ta da ikon taɓa faifan ajiya, ko katin intanet, ko allo da kanta. Sai ta roƙi zuciyar babbar manhaja, wadda ake kira kanel. Ƙofofin da ake yin wannan roƙo su ne kiraye-kirayen kanel: open ya buɗe fayil, read ya karanta, write ya rubuta, fork ya haifi sabon shiri, socket ya buɗe hanyar sadarwa. A Linux akwai irinsu sama da ɗari uku. Wayar Android da ke hannunka ma kanel ɗin Linux ce a ƙarƙashinta, saboda haka duk saƙon WhatsApp da ka tura ta waɗannan ƙofofi ya bi. Rubuta shiri da ke magana da su kai tsaye shi ne fannin da muke magana a kai.

Littattafai biyu ne suka fi suna a wannan fage. Na farko shi ne Advanced Programming in the UNIX Environment na W. Richard Stevens, wanda ya fito a 1992. Stevens ya rasu a 1999, sai Stephen Rago ya ɗauki ragamar sabunta shi, ya fitar da bugu na biyu a 2005, na uku a 2013. Ɗayan kuma The Linux Programming Interface ne na Kerrisk, ɗan ƙasar New Zealand, wanda kamfanin No Starch Press ya buga a 2010. Babi 64 gare shi, shafi sama da 1,500, ya yi bayanin kiraye-kirayen kanel da ayyukan laburare sama da 500, da misalan shiri sama da 200. Idan ka sa shi a jakar baya za ka san ka ɗauki kaya.

Sunan da ake ba su, wato littattafan dubawa, shi ya fi cutar da su. Idan abin da kake nema shi ne sunan wata tuta da ake ba open, ko jerin kurakuran da write ke iya dawowa da su, kada ma ka wahalar da kanka da ɗaga littafi. Rubuta man 2 write a allon umarni, cikin ƙiftawar ido amsa ta fito, kyauta, ba sai da data ba, kuma ta fi ta littafin sabunta. Waɗannan shafuka na man sun samo asali tun littafin jagorar Unix na farko da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a 1971, kuma abin dariyar shi ne Kerrisk ɗin nan da kansa ya riƙe kula da shafukan man na Linux tun 2004, ya shafe shekara fiye da goma sha biyar a kai. Wato ba kishiyoyi ba ne, hannu ɗaya ne ya yi aiki a kan duka biyun. A shafin write ne za ka ga, alal misali, cewa Linux ba ya tura fiye da bayit 2,147,479,552 a kira ɗaya, ko da kwamfutar mai bit 64 ce. Irin wannan ƙididdiga aikin shafin man ce.

Matsalar shafin man ɗaya ce: sai ka san sunan abin da kake nema. Kamar ƙamus yake, kuma ƙamus ba ya koya wa mutum magana. Yawancin kurakuran da ke cin mutane a wannan fanni ba daga rashin sanin sunan tuta suke zuwa ba, daga tambayar da ba su san akwai ta ba ne.

Ɗauki batun sigina, inda a ganina littafin Kerrisk ya fi cin kuɗinsa. Sigina ɗan taɓi ne da kanel ke yi wa shiri: lokacin da ka ɗiba ya cika, mai amfani ya danna Ctrl da C, ɗanka ya mutu. Shirin na iya ajiye wani ɗan aiki da zai gudana idan siginar ta iso. Abin da sabon shiga ba ya hangowa shi ne, siginar ba ta sallama. Tana iya faɗowa a tsakiyar kowane layi, har da lokacin da shirin ke cikin malloc yana gyara lissafin ƙwaƙwalwarsa, ya cire wannan bai riga ya maƙala wancan ba. Idan mai karɓar siginar shi ma ya kira malloc, ko ya kira wani abu da ke kiran malloc a ɓoye kamar printf, to ya shiga ɗakin da ake tsakiyar gyara, ya taka duk abin da ya samu. Shi ya sa ƙa'idar POSIX ta ware takamaiman jerin ayyukan da ya halatta a kira daga cikin mai karɓar sigina. write yana ciki. printf, malloc da syslog ba sa ciki. Kerrisk ya ba sigina babi uku cur, daga na 20 zuwa na 22, kuma a na 21 ya zauna ya warware wannan dalla-dalla, da shirin gwaji da za ka gudanar ka ga ɓarnar da idonka. Stevens ma ya yi gargaɗi a kai.

Kada ka ɗauka wannan ƙaƙale ne na malaman jami'a. Ranar 1 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka a OpenSSH, manhajar da ake bi a shiga sabobin Linux daga nesa a faɗin duniya. An yi mata laƙabi da regreSSHion, lambarta CVE-2024-6387. Ga yadda take: idan mai neman shiga bai kammala tantance kansa cikin daƙiƙa 120 ba, sigina kan tashi, mai karɓarta kuma ya kira syslog don ya rubuta abin da ya faru. Shi syslog yana kiran malloc da free. Maharin da ya iya daidaita lokaci, siginar ta faɗo daidai sanda shirin ke cikin malloc, zai iya lalata ƙwaƙwalwar yadda yake so har ya samu cikakken iko da na'urar ba tare da kalmar sirri ba. Ba abu ne mai sauƙi ba, a gwajin Qualys kan na'ura mai bit 32 sai da aka yi awa shida zuwa takwas ana ta ƙwanƙwasawa, amma ya yiwu. Abin takaicin, an taɓa gano irin wannan ɓaraka a 2006 aka toshe, sai wani gyara da aka yi a 2020 ya sake buɗe ta ba da gangan ba. Masu rubuta OpenSSH fa suna cikin waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan a harkar. Idan su abin ya zame musu, ina ga wanda ya koyi sigina daga amsa ɗaya da ya kwafo a intanet?

Akwai shafin man mai suna signal-safety da ke ɗauke da wannan jeri, ba na musu. Amma wa zai je nemansa? Sai wanda ya riga ya san akwai haɗarin. Littafi kuwa, da yake a jere ake karanta babi, zai kawo maka haɗarin har gida tun kafin ka tambaya.

Haka abin yake da write. Ka ce ya rubuta bayit 1,000, yana da 'yancin rubuta 300 ya dawo ya ce maka 300, kuma wannan ba kuskure ba ne a wurinsa. Da wuya ka ga haka a fayil na yau da kullum, shi ya sa shirinka zai yi ta aiki lafiya a kwamfutarka wata da watanni. Ranar da ya koma kan hanyar sadarwa, ko sigina ta katse shi a tsakiya, sai bayanai su yanke ba tare da ko ƙorafi ba. Ko ka ɗauki select, wanda a Linux da glibc ba ya iya lura da lambar riƙon fayil da ta kai 1,024. Idan ka tura masa wadda ta wuce haka, ba zai ce maka a'a ba, rubutu kawai za a yi a inda bai kamata ba. Sai ka fahimci wannan iyaka, da yadda select ke ƙara nauyi idan fayilolin suka yi yawa, za ka gane dalilin ƙirƙiro epoll, kuma babi na 63 ya jera su ukun, select da poll da epoll, ya auna su da alƙaluma.

Wannan auna abu da alƙaluma na cikin abin da nake yaba wa Kerrisk. A babi na 13 ya kwafi fayil mai bayit miliyan 100 da ma'ajiyar jira masu girma daban-daban. Da yana ɗaukar bayit ɗaya-ɗaya, aikin ya ci fiye da minti ɗaya da rabi. Da ya koma 4,096 a lokaci guda, 'yan daƙiƙoƙi ne. Na'urarsa ta tsufa, lambobin ba za su yi daidai da naka ba, amma duk wanda ya ga wannan jadawali ba zai ƙara mantawa cewa kowane kiran kanel yana da farashi ba. Sannan akwai zane ɗaya a babi na 5 da ke nuna matakai uku tsakanin lambar riƙon fayil da ke hannun shirinka, da bayanin buɗaɗɗen fayil da kanel ke riƙe da shi, da ainihin fayil ɗin a faifai. Wallahi wannan zane kaɗai yana warware rabin ruɗanin da mutane ke yi kan dup da fork, da dalilin da ya sa uwa da ɗa ke tura wa juna matsayin karatu a fayil guda.

To amma littafin yana da shekaru, kuma ba a ɓoye suke ba. Ya tsaya a kan Linux 2.6.35 da glibc 2.12. Dalilin da ya sa bai mutu ba shi ne dokar da Linus Torvalds ya kafe a kai, cewa sabon kanel ba zai karya shirin da ke aiki a kan tsohon ba. Saboda haka abin da aka rubuta kan open da fork da mmap a 2010, kusan dukkansa yana nan daram. Illar ba ƙarya ba ce, rashi ne. Ba za ka samu getrandom da memfd_create ba, waɗanda suka zo da Linux 3.17 a 2014. Ba za ka samu statx na 2017 ba, ko pidfd_open da clone3 na 2019. Babu io_uring, sabuwar hanyar shigar da bayanai da fitar da su da Jens Axboe ya kawo a Linux 5.1 a 2019. Mafi girma, duk ginshiƙan da Docker da sauran kwantenoni suka tsaya a kai, wato keɓe wa shiri duniyarsa, da iyakance masa ƙwaƙwalwa da lokacin sarrafawa ta cgroups, da tace kiraye-kirayensa ta seccomp, ko dai an ambace su a gurguje ko babu su sam. Shi kansa Kerrisk sai a 2013 ya rubuta jerin maƙaloli kan keɓewar a mujallar intanet ta LWN. A ɗaya gefen kuma, littafin ya kashe babi huɗu, daga 45 zuwa 48, kan tsohuwar hanyar sadarwa tsakanin shirye-shirye ta System V, wadda ba zan shawarci kowa ya fara sabon aiki da ita ba. Idan ba gadon tsohon shiri ka ci ba, tsallake su ba tare da jin kunya ba.

A gefe guda, tsufan ba kullum aibi ba ne. A 2023 Google ta sanar cewa ta taƙaita amfani da io_uring a Android, ta kuma kashe shi a ChromeOS da sabobinta, saboda yawan ɓarakar tsaro da aka riƙa samu a cikinsa. Wanda ya iya epoll da kyau bai yi asara ba tukuna.

Akwai wata iyaka da ta fi tsufa damuna, domin ko sabon bugu ba lallai ya magance ta ba. Littafi yana koya maka alƙawarin da ƙofa ta ɗauka, ba lallai abin da ke faruwa a bayanta ba. Misali fsync. Idan write ya dawo da nasara, bayananka ba su isa faifai ba tukuna, suna ƙwaƙwalwar kanel. Idan aka ɗauke wuta a wannan tsakani, sun tafi, kuma mu da muka saba da halin NEPA ba ma buƙatar dogon bayani a nan. fsync ne ke tilasta a kai su faifai, kuma babi na 13 ya yi bayanin wannan yadda ya kamata. Amma idan fsync ɗin ya gaza fa? Hankali zai ce a sake kiransa. Haka masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka ɗauka shekara da shekaru. A 2018 suka gano cewa a Linux, idan rubutun ya gaza, kanel na iya ɗaukar waɗannan bayanai a matsayin waɗanda aka gama da su, sai kira na biyu ya dawo da nasara alhali ba a rubuta komai ba. A farkon 2019 suka canja tsari: da fsync ya gaza, rumbun ya tsaya cak, ya sake gina kansa daga kundin da yake ajiye tarihin canje-canje. Wannan darasi ba daga littafi aka samo shi ba. Daga bin diddigin bayanan da suka ɓace da karanta lambar kanel ɗin kanta aka same shi.

Tsakanin littattafan biyu, ra'ayina a fili yake. Idan Linux kaɗai ne gabanka, ɗauki Kerrisk. Ya fi zurfi, kuma a kusan kowane kira yana gaya maka wanne hali ne na POSIX, wanne ne na Linux shi kaɗai, abin da ke ceton mutum ranar da aka ce ya mayar da shirinsa kan wata babbar manhajar. Stevens da Rago sun fi gajarta, kusan shafi dubu, kuma bugun 2013 an gwada misalansa a kan FreeBSD 8.0, Linux 3.2.0, Mac OS X 10.6.8 da Solaris 10. Idan kana son ganin yadda dangin Unix suka rarrabu, nan ne wurin. Sai dai Solaris 10 ba abin da yawancin masu karatu za su taɓa gani ba ne, kuma epoll da inotify, da ke cikin aikin yau da kullum a Linux, ba su samu kulawar da Kerrisk ya ba su ba. Rubutun Stevens ya fi daɗin bi, na Kerrisk wani lokaci kamar takardar kotu, kowace jimla da togaciyarta. Gajiyar da za ka ji tana da dalili, togaciyar ita ce kayan.

Za ka iya cewa, ni Python nake rubutawa, ko Go, ina ruwana da C? Ruwanka yana nan. os.fork na Python fork ɗin nan ne, da duk halayensa. Kuskuren da ke ce maka fayiloli sun yi yawa a buɗe, ko bututu ya karye, saƙon kanel ne aka fassara maka. Har sai da aka kai Python 3.5 a 2015 kafin harshen ya fara sake gwada kiran da sigina ta katse da kansa, kafin nan aikin mai rubuta shiri ne. Gaskiya ne littattafan suna buƙatar ka iya karanta C, kuma wannan shinge ne na gaske ga mai farawa. Amma karantawa kawai ake nema, ba ƙwarewa ba.

Su kuma ChatGPT da 'yan uwansa, suna da amfani wajen tuna maka tsarin kira ko fassara saƙon kuskure. Sai dai suna fama da ciwon shafin man ta wata fuska: abin da ka tambaya suke amsawa. Ka ce a rubuta maka mai karɓar sigina da zai buga saƙo, idan aka ba ka mai printf a ciki zai haɗu, zai gudana, zai wuce gwajinka sau dubu. Kai ne ya kamata ka kalle shi ka ce a'a, kuma ba za ka iya ba sai ka taɓa zama da babi na 21 ko makamancinsa.

Kuɗin littafin da dala ne, kuma ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka saya, ka leƙa man7.org, gidan Kerrisk a intanet. Lambar duk misalan littafin tana nan kyauta, da shafukan man, da jerin abubuwan da suka canja a Linux da glibc bayan fitowar littafin, wanda ke rage wancan giɓi na shekaru. Idan ka samu littafin, ko naka ko na laburaren sashenku, kada ka ce za ka karance shi daga bango zuwa bango. Karanta babi na 4 da 5 da 13 kan fayil, na 20 zuwa 22 kan sigina, na 24 zuwa 27 kan haihuwar shiri da mutuwarsa, a jere, kana gudanar da misalan da strace a gefe don ka ga kiraye-kirayen suna wucewa. Sauran ka bar su sai buƙata ta taso. Atisayen farko a ƙarshen babi na 4 yana cewa ka rubuta naka tee, ɗan umarnin da ke kwafar abin da ya shigo zuwa allo da fayil a lokaci guda. Idan ka gama, ka koma ka duba me shirinka zai yi ranar da write ya dawo da 300 maimakon 1,000.